Ranakun hutu a Nijar: wa ke yanke su, kuma wa ke cin moriyarsu?

Duk shekara, idan azumi ya kai kwana 29, gari kan kasa kunne. Bayan an sha ruwa mutane na zaune ƙofar gida, rediyo a kunne, salula a hannu, ana jiran a ji ko an ga wata. Tela na jira ya san ko yana da sauran dare guda na ɗinki. Mai kitso na jira, mahauci na jira. Akwai kuma masu jiran sanarwa ta biyu, wadda ke biyo bayan ta malamai: ma'aikatan gwamnati da na bankuna da na kamfanoni, waɗanda ke son su ji daga ofishin ministan ƙwadago ko gobe akwai aiki ko babu.

Wannan sanarwa ta biyu kan zo da wasu kalmomi uku na Faransanci da kunne ya saba da su a Muryar Sahel da Télé Sahel: fériée, chômée et payée. Mutane da dama na ɗaukar su abu guda, alhali kowace da aikinta. Ta farko na nufin ranar tana cikin jerin bukukuwan da doka ta amince da su. Ta biyu na nufin ba a zuwa aiki. Ta uku ita ce ta shafi aljihu: ko da ba a yi aiki ba, ba a taɓa albashi. Saboda haka hutun ba alheri ba ne da mai gida ke yi wa ma'aikacinsa idan ya ga dama. Haƙƙi ne da ke rubuce, wanda ake iya kai ƙara a kansa.

Dokar da ke riƙe da jerin

Tushen zancen shi ne doka mai lamba 97-020 ta ranar 20 ga Yunin 1997, wadda aka yi zamanin shugaba Ibrahim Baré Maïnassara. Ita ce ta jera bukukuwan ƙasa, kuma gyare-gyaren da aka yi daga baya a kanta aka ɗora su. Minista ba ya ƙirƙiro ranar biki ta dindindin da sanarwa. Abin da yake yi shi ne tunatar da jama'a, da kuma faɗar ranar da bikin ya faɗa idan na bin wata ne. Ƙara rana cikin jerin ko fitar da ita sai da wata doka: ta majalisa idan akwai majalisar dokoki, ko kuwa wadda shugaban ƙasa ke sa wa hannu, da ake kira ordonnance, a lokacin da babu majalisa.

Wasu ranakun ba su motsi. 1 ga Janairu, 24 ga Afrilu, 1 ga Mayu, 26 ga Yuli, 3 ga Agusta, 18 ga Disamba da 25 ga Disamba, kowa na iya sa musu alama a kalanda tun farkon shekara. Wasu kuwa wata suke bi: sabuwar shekarar Musulunci, Mauludi, wanshekaren daren Lailatul Ƙadari, ƙaramar salla, da babbar salla wadda ake haɗa ta da wanshekarenta. Sai Litinin ɗin Ista, da Kiristocin ƙasar nan suka fi sani da Pâques, wadda ke da nata lissafi.

Ranar Juma'a ba ta cikin wannan jeri, haka ma Lahadi. Lahadi ta wata doka ce daban, dokar ƙwadago, wadda ta wajabta hutun awa 24 a jere kowane mako. Juma'a kuwa ranar aiki ce, sai dai a ma'aikatun gwamnati ana tashi da rana domin a samu zuwa masallaci. Hutun shekara, wato konje, shi ma nasa babi daban ne: kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki. Ma'aikaci na da haƙƙin duka ukun, kuma ba a ba shi ɗaya a ce ya tsaya a madadin ɗaya.

Kowace rana da gwamnatin da ta haife ta

Wanda ya karanta jerin a tsanake zai ga tarihin siyasar ƙasar a cikinsa. Nijar na da ranakun kafuwa har biyu, kuma ba don komai ba sai don ƴancin ya zo ne a mataki biyu. A ranar 28 ga Satumban 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama da Janar de Gaulle ya kira a ƙasashen da Faransa ke mulka. Djibo Bakary, wanda ke jagorantar gwamnatin yankin a lokacin, shi da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kira da a ce "a'a", wato a karɓi ƴanci nan take, kamar yadda Gine ta yi. "I" ce ta yi rinjaye. Djibo Bakary ya sauka, aka sake zaɓen majalisa a watan Disamba, kuma ranar 18 ga Disamban 1958 aka ayyana Jamhuriyar Nijar a cikin ƙawancen Faransa, Diori Hamani na shugabancin gwamnati. Cikakken ƴanci sai ranar 3 ga Agustan 1960.

Shekaru da dama 18 ga Disamba ce ta fi armashi: ita ke da faretin sojoji, da makaɗa, da dawaki. Watan Disamba lokacin sanyi ne, an gama girbi, hanyoyi sun bushe, mutane na da sukuni. A 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka soma zagayawa da bikin jiha-jiha, aka fara da Damagaram, sai Tahoua a 2007, Tillabéri a 2008, Diffa a 2009. Gwamnatin Issoufou Mahamadou ta sake tayar da tsarin da sunaye na gida: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, Tillabéri Tchandalo a 2019, sannan Diffa N'Glaa da aka ɗage zuwa 2021. Mutanen waɗannan garuruwa sun san abin da bikin ya bar musu na kwalta da fitilun titi da dandali. Sun kuma san gine-ginen da aka yi cikin gaggawa, waɗanda suka rasa mai kula da su bayan baƙi sun watse. Doka dai rana guda ta ba da hutu. Shirin da ake yi mata kuwa kan ci shekara.

Ita 3 ga Agusta tsakiyar damina take zuwa, kuma daminar ce ta ba ta fuska ta biyu. Bayan babban farin da ya yi wa Sahel ɓarna a farkon shekarun 1970, gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ita ranar dashen itatuwa tun daga 1975. Dabara ce mai ma'ana, domin ƙasa na da laima, dashe na iya kamawa. Maradi na da nata kaso a wannan tarihi, tunda a nan ne aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984. Abin da ke ragewa bikin daraja shi ne abin da ke biyo baya. Ana dasa bedi da gawo da mangwaro gaban kyamara, a tafa, a watse. Idan ba shinge, ba mai ban ruwa, kafin watan Maris awaki da rani sun raba dashen tsakaninsu.

24 ga Afrilu, ranar haɗin kan ƴan ƙasa, ita ce wadda matasa da yawa ba su san mafarinta ba. A wannan rana ce a 1995 aka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin gwamnati, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, da ƙawancen ƴan tawayen arewa na ORA ƙarƙashin Rhissa Ag Boula. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ne suka shiga tsakani. Shi ya sa ake yawan gudanar da bikin a Tchintabaraden, garin da rikicin watan Mayun 1990 ya auku, wanda ya zama ɗaya daga cikin musabbabin tawayen. Yarjejeniyar ba ta kashe wutar gaba ɗaya a ranar ba, sai da aka ƙara wasu daga baya, kafin a ƙona makamai a Agadez a watan Satumban 2000. Amma ranar farkon ce doka ta riƙe.

1 ga Mayu daga waje ta zo. Asalinta yajin aikin da ma'aikata suka yi a birnin Chicago na Amurka a 1886 suna neman a tsayar da aikin yini a awa takwas. A Nijar rana ce ta ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN da CNT, waɗanda ke fitowa da anko, su yi jerin gwano, su miƙa wa gwamnati kundin koke-kokensu.

Ta baya-bayan nan da aka fi magana a kai ita ce 26 ga Yuli. A watan Yulin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta shigar da ita cikin bukukuwan ƙasa, domin tunawa da ranar da majalisar CNSP ta karɓi mulki a 2023. Ba wannan ne karon farko da ranar karɓar mulki ta zama biki ba. Dattawa na tuna 15 ga Afrilu, ranar da sojoji suka kifar da Diori Hamani a 1974, wadda aka yi shekaru ana bikinta da fareti da wasannin samariya. Bayan da iskar siyasar jam'iyyu da yawa ta kaɗa a farkon shekarun 1990, ranar ta fice daga kalanda. Yau yaron da aka haifa bayan wannan lokaci bai san ta da wani abu ba. Ranakun addini ba a cika taɓa su ba. Na siyasa kuwa doka ce ke shigo da su, doka ce kuma ke iya fitar da su.

Inda wata ke da ta cewa

Matsalar ranakun da ke bin wata ita ce doka na iya faɗar sunan bikin, amma ba ta iya faɗar ranarsa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Saboda haka kowace shekara salla na matsowa da kamar kwana 11, kuma cikin shekaru 33 takan zagaye sanyi da bazara da damina da kaka ta dawo inda ta tashi. A 2016 an yi layya a watan Satumba, a 2024 kuwa a watan Yuni. A 2006 sau biyu aka yi babbar salla cikin shekara guda ta Miladiyya, ɗaya a Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. A 2007 ta faɗo kwanaki kaɗan bayan 18 ga Disamba, ga Kirsimeti na biye, har ma'aikata suka ga kamar rabin watan ya tafi a hutu.

Ita ma Ista tana yawo, sai dai an san ranarta tun da wuri, domin lissafi ne ba ganin ido ba. Takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A shekara ta 2000 Litinin ɗinta ta zo daidai da 24 ga Afrilu, bukukuwa biyu suka haɗu a yini ɗaya.

Ga bukukuwan Musulunci, Majalisar Musulunci ta Nijar ce ke tattara shaidar ganin wata daga jihohi, ta tantance, sannan a ba da sanarwa. A kan wannan sanarwa ce gwamnati ke ɗora ranar hutu. Babbar salla da Mauludi ba su cika tayar da hankali ba, domin da zarar an tsayar da farkon watan, an san goma ga Zulhajji ko sha biyu ga Rabi'ul Awwal da sauran kwanaki a gaba. Ƙaramar salla ce mai wuya. Labarinta na iya zuwa da tsakar dare, kuma shugaban ma'aikata ko mai kamfani ba ya iya cewa tun ranar Litinin ko Alhamis za a buɗe ko Juma'a. Wanda ke da takardar da zai karɓa a ofis, ko kuɗin da zai fitar a banki, gara ya gama kafin 28 ga azumi.

A kudancin ƙasar akwai ƙarin wani abu. Daga Ƙonni zuwa Madarounfa, daga Matamèye zuwa Magaria, dangi na ɓangarori biyu na iyaka, kuma rediyoyin Sakkwato da Katsina da Kano na shigowa gida kamar na gida. Akan samu shekarar da sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato ta sha bamban da ta Yamai da kwana guda, wasu unguwanni su sauko idi yau, wasu gobe. Wannan magana ce ta malamai, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Ta fuskar doka dai amsar guda ce: ranar da hukumomin Nijar suka sanar ita ce ranar hutu. Ma'aikacin da ya yi salla a wata ranar daban, sai ya nemi izini wajen shugabansa, in ba haka ba ana iya rubuta masa fashi.

Hutun wanshekaren Lailatul Ƙadari yana da sauƙin fahimta: an kwana ana ibada a daren 27 ga azumi, da safe ba mai ƙarfin zaman ofis. Na wanshekaren layya ma haka yake bin yadda ake rayuwa. A Yamai da garuruwa da dama, ranar salla yanka da fiɗa da banda ake yi, raguna na jere a jikin itace gefen wuta har dare. Sai wanshekare ake yanyanka nama, a raba wa dangi da maƙwabta da mabuƙata, a shiga suya. Ko doka ba ta ba da wannan rana ba, da wuya a ga kowa a wurin aiki.

Idan an yi aiki ranar hutu fa?

Ba kowane aiki ke tsayawa ba. Asibiti da gidan haihuwa, farmasin da ke gadi, ƴan kwana-kwana, jandarma da ƴan sanda, duwan a bakin iyaka, masu kula da wuta da ruwa, ƴan jarida, otal da gidan mai, duk suna buɗe. Ma'aikatan gwamnati na ƙarƙashin dokarsu ta 2007, kuma kowane fanni na da tsarin gadinsa. Masu aiki a kamfanoni da wajen ƴan kasuwa kuwa dokar ƙwadago ce ke riƙe da su, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, tare da dokar zartarwa ta watan Agustan 2017 da yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki.

Ƙa'idar ita ce awa 40 a mako. Abin da ya haura wannan ƙarin aiki ne, kuma kuɗinsa ya fi na awar yau da kullum. Idan ƙarin aikin ya faɗo ranar Lahadi ko ranar biki, ana ƙara kashi 50 cikin 100 da rana, kashi 100 cikin 100 da dare.

A ɗauki misali. Ma'aikacin gidan burodi na karɓar jaka 52 a wata. Awa 40 a mako na ba da kamar awa 173 a wata, saboda haka awarsa guda ta tashi tamma 300, wato dala 60. Idan aka kira shi ƙarin aiki na awa takwas ranar salla da rana, kowace awa ta koma dala 90, yinin ya tashi jaka 3 da dala 120, a maimakon jaka 2 da dala 80. Idan da dare ne, awa ta koma dala 120, daren ya tashi jaka 4 da dala 160. Kuɗin ba su da yawa a ido, amma a tara su shekara guda, a kuma tuna cewa burodi ya fi fita a irin waɗannan ranaku. Wasu sana'o'in, kamar gadi, suna da nasu lissafin awoyi na musamman, saboda haka mai gadi ya tambayi yadda nasa yake kafin ya ɗora wannan misali a kansa.

Abu biyu ne ma'aikata suka fi yin asara a kansu. Na farko, mai albashin wata da aka zaftare wa kuɗin yini saboda an rufe wurin aiki ranar biki. Wannan ya saɓa wa kalmar payée kai tsaye. Na biyu, wanda aka sa aiki ranar biki sannan aka sallame shi da goron salla, ko ɗan nama, ko "Allah ya yi albarka". Goron salla kyauta ce, mai gida ya ga dama ya ba da, kuma abin godiya ne. Amma ba ya biyan awoyin aiki.

Da yawa na cewa ai su ba su da kwantaragi a rubuce, don haka doka ba ta san da su ba. Ba haka ba ne. A wajen dokar ƙwadago, ma'aikaci shi ne duk wanda ke aiki ƙarƙashin umurnin wani domin a biya shi, ko da baki aka yi maganar. Yaron shago, direban ɗan kasuwa, mai aikin gida, duk sun shiga. Wuyar ita ce hujja. Wanda ke da takardar albashi da lambar CNSS ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Wanda ba shi da su, ya riƙa rubuta ranaku da awoyin da ya yi a ɗan littafi, ya kuma san waɗanda suka gan shi a bakin aiki.

Hanyar ƙara tana somawa ne daga ofishin sufeton ƙwadago na jiha. Sufeto kan kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. Idan an daidaita, a rubuta, a sa hannu. Idan abin ya ƙi, sai kotun ƙwadago, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne. Sai dai doka ta ɗibar wa bin bashin albashi wa'adi, wanda ya bari shekaru suka shuɗe yana iya tarar da ƙofa a rufe. Gaskiyar da kowa ya sani kuwa ita ce mutane ƙalilan ne ke kai ƙara suna kan aiki. Inda masu neman aiki suka fi guraben yawa, kuma mai gidan ɗan uwa ne ko maƙwabci, yawanci sai bayan an rabu ake tuna awoyin salla.

Abin da ranar biki ke tsayarwa ban da aiki

Akwai wani amfani na ranakun da ba a cika sani ba, wanda ya shafi ƴan kasuwa da masu bashi. Nijar na cikin ƙungiyar OHADA mai dokokin kasuwanci na bai ɗaya, kuma dokarta kan karɓar bashi ta hana wisiye, wato jami'in da ke zartar da hukuncin kotu, ya zo kama kaya ranar Lahadi ko ranar biki, sai fa idan akwai larura kuma alƙali ya ba da izini na musamman. Haka kuma a ranakun aiki ba ya zuwa kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 6 na yamma, sai da irin wannan izini. Wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar salla da sunan kama kaya yana da damar ya nemi a nuna masa takardar izinin.

A shari'ar da ba ta laifi ba, idan ranar ƙarshe ta wa'adin da aka ba mutum, misali na ɗaukaka ƙara, ta faɗo ranar biki, wa'adin kan matsa zuwa ranar aiki ta gaba. Wannan sauƙi ne, ba abin dogaro ba. Mai hankali ba ya kai kansa ranar ƙarshe.

Waɗanda kalandar ba ta kai gare su ba

Duk wannan bayani ya shafi mai albashi ne, kuma masu albashi su ne ƴan tsiraru a ƙasar. Mafi rinjayen jama'a manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu da ƙananan ƴan kasuwa. Ga manomin Tessaoua ko na Mirriah, 26 ga Yuli da 3 ga Agusta tsakiyar noma suke zuwa, lokacin da haki ke tsere da hatsi. Ba ya aje hauya don an ce hutu ne. Ɗan kabu-kabu, mai tuyar ƙosai, ga-ruwa, lebura mai aikin yini: ranar da ba su fita ba, ba wanda zai biya su. Wasunsu ma hutun ma'aikata asara ce gare su. Mai sayar da abinci a ƙofar ma'aikata da mai shayi a bakin lakkol sun san cewa ranar da aka rufe ofis an rufe musu kasuwa.

Inda doka da jama'a suka haɗu sosai shi ne sallolin nan biyu. A nan ne gari ke tsayawa da gaske, ba don sanarwa ba. Sarki ya hau, a yi idi, a shiga gaishe-gaishe. Mauludi ma haka yake ga dubban da ke ɗunguma zuwa Kiota a jihar Dosso. Kirsimeti da Ista kuwa, a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, yawancin ma'aikata na cin hutunsu ne ba tare da bikin ba, kamar yadda Kirista ma'aikaci ke cin hutun Mauludi. Akan ji masu cewa a rage waɗannan, akan ji masu cewa hutun ya yi yawa gaba ɗaya ga ƙasa mai neman ci gaba. Masu kare tsarin na amsawa cewa doka ba ta tambayar addinin ma'aikaci kafin ta ba shi hutu, kuma hakan na daga cikin abin da ya sa ake zaune lafiya a unguwa guda.

Akwai kuma ranakun da ba su cikin jerin, amma suna da ƙarfin da ya kai na wasu da ke ciki. 13 ga Mayu ranar matan Nijar ce, ana tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su gurbi cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ranar tunawa ce, amma duk wanda ya shiga ma'aikata a ranar ya ga zanen anko ya san aiki ya yi sauƙi. 9 ga Fabrairu ta ɗalibai ce: a ranar ne a 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy lokacin wata zanga-zanga, kuma ƙungiyar USN ba ta bari ranar ta wuce shiru. Gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda aka soma a Tahoua a 1975, ba ta da ko layi guda a dokar bukukuwa, amma ranar karon ƙarshe da la'asar tituna kan yi tsit, kowa na gaban talabijin ko rediyo. Haka Bianou ke tsayar da Agadez a watan Muharram, haka taron makiyaya na In Gall ke tara jama'a a ƙarshen damina.

Kasuwa kuwa nata kalanda take bi. Maradi na ci Litinin da Juma'a, Tahoua ranar Lahadi, Damagaram ranar Alhamis. Idan 18 ga Disamba ta faɗo Alhamis, kamar yadda ta yi a 2025, ofishin gwamna da bankuna na rufe, amma motocin ƙauye da amalanke na shigowa kasuwar Dole tun da sassafe, kuma mai hatsi na auna tiyarsa kamar kowane mako.